Lambun Ci-nan

A shekarar da soja suka karɓi mulki, koramar da ta bi ta bayan garin su Alkasum, can cikin ƙasar Durum, ta riga ta manta cewa ita korama ce. Damina biyu ke nan ba ta kawo ruwan da zai jiƙa kofaton akuya ba. Rairayi ne zalla, sai ramukan da mata suka tona suna bin ruwa, yana nutsewa suna ƙara tono. A gaɓarta ta kudu akwai wani ɗan lambu da ba na kowa ba ne, kuma na kowa ne, ana ce masa Lambun Ci-nan. Alkasum ne mai tsaronsa, kuma Allah Ya sani ya gaji.

Lambun ba wani abin a zo a gani ba ne. In ka tsaya a bakin ƙofa ka yi sallama, wanda ke can ƙarshe zai amsa maka ba tare da ya ɗaga murya ba. Akwai tsamiya ɗaya da ta girmi kowa a garin, da 'yan itatuwan dabino, da mangwaro, da gwaiba, da lemun tsami, da rijiya mai jigo, sai randar sadaka a inuwa. Tsofaffi sun ce wani bafatake ne, Dodo, ya kafa shi tun Nasara bai taka Damagaram ba. Wai zazzaɓi ya kayar da shi a nan, ayari ya wuce ya bar shi, wani da bai san ko wane ne ba ya ajiye masa dabino a gefen kai. Ya ci, ya tura ƙwallayen cikin laka don ba shi da ƙarfin jifa. Da ya sake biyowa bayan shekaru ya tarar sun fi shi tsawo, sai ya kewaye wurin da darni ya ce sadaka ce, da sharaɗi ɗaya: kowa ya shigo ya ci ya ƙoshi a gindin itace, amma ko ƙwaya ɗaya ba ta fita. Ƙwallon kuma a jefa cikin tukunyar da ke bakin ƙofa, mai tsaro ya shuka. Dalilinsa shi ne, abin da ya fita lambu kasuwa zai je, abin da ya je kasuwa kuwa ya yi mai shi.

Daga baya kowane zamani ya zo ya bar ɗan sawunsa. Wani kwamanda na zamanin Nasara ya sa an zuba dakali biyu na siminti, ya aiko da ƙofar ƙarfe daga birni aka kafa ta tsakiyar darnin kara, sai ga ƙofa ta fi katanga ƙwari, awaki na bi ta gefenta suna shiga abinsu. Bayan an samu 'yancin kai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya jera dogon yaro a gefen gabas, rabi suka rayu. Sharaɗin Dodo ne kaɗai babu wanda ya taɓa. Mahaifin Alkasum ya riƙe shi, da zai rasu ya miƙa masa shi tare da gorar tsaro, Alkasum kuma ya riƙe shi har gemunsa ya yi fari.

A shekarun ƙoshi aikin ba shi da wuya. Wa zai yi rigima a kan gwaiba ga gero cike da rumbu? Yanzu kuwa ruwan rijiya ya sauka inda jigo ba ya kaiwa, sai guga da tulu. Alkasum ya zaɓi wanda zai shayar da wanda zai bari, gwaiba ta fara mutuwa, lemu ya bi ta, mangwaro ya zubar da fure ko ɗa ɗaya bai riƙe ba. Dabino ne kawai, da yake saiwarsa ta san hanyar ruwa fiye da masu tono, ya yi 'ya'ya a wannan bazara kamar bai ji labarin abin da ake ciki ba.

Labari kuwa ya kai ko'ina. Mutanen arewa da yunwa ta taso suka yi bukkoki a cikin rairayin korama, suna jiran kamiyon, babbar motar da ke kawo jar dawar taimako, in rana ta ɗaga su taho lambu. Alkasum bai hana kowa shiga ba. Amma jan ruwa bai gajiyar da shi kamar tsayuwar bakin ƙofa ba. Ya zama mai leƙa aljihun dattawa, mai cewa tsohuwa ta kwance bakin zane, mai sa yara su buɗe baki ya ga abin da ke cikin kumatu. Kullum da maraice yakan dawo gida kamar wanda aka yi wa duka.

Cikin waɗannan baƙi akwai wata mata, Kulu, daga wajen Damagaram Takaya. Doguwa ce, fari ya cinye ta ya bar ƙashi da murya. Wata rana Alkasum ya tare ta a ƙofa da dabino cikin tafin hannu, ba ta ma ɓoye ba.

"Baba, uwar mijina ce kwance," in ji ta. "Jar dawar nan ba ta zama cikinta. Waɗannan kaɗai zan kai mata."

"Ba a fita da shi, 'yar nan."

"To nawa rabon ne. Ban ci ba, na bar mata."

"Ko naki ne, nan ake ci. In tana so, kawo ta."

"In kawo ta da me? Jakinmu tun a hanya muka bar wa ungulu."

Alkasum ya kau da kai ya ce shi dai haka ya tarar. Kulu ta dube shi har ya ji kallon a ƙeyarsa, sannan ta zuba dabinon kan dakali ta fita. Can bayan azahar sai ga ta tafe cikin rairayi mai ƙuna, ta goyo tsohuwar da zane, ƙafafun tsohuwar na lilo a cinyoyinta. Ta sauke ta a gindin tsamiya, ta ɓare mata dabinon da farce tana sa mata a baki. Da suka gama ta tattara ƙwallayen ta jefa cikin tukunya ɗaya bayan ɗaya, yadda zai ji ƙarar kowane, ta sake goya ta suka tafi. Ba a daɗe ba tsohuwar ta rasu. Tun daga ranar Kulu ba ta ƙara gaishe shi ba, shi kuma bai ga laifinta ba.

Ana cikin haka Zuliha, matar Alkasum, ta kwanta. Su biyu ne kawai a gidan. Ɗansu Sani ya tafi cin rani Kano tun fari na farko, 'yarsu na aure can Guna tana fama da nata bakunan. Zuliha mace ce mai tsabta da baki, wadda ta yi shekara arba'in tana gaya wa mijinta cewa wannan lambu ya fi ta samun ruwan wanka. Jar dawar ce ta fara ɓata mata ciki. Ya dama mata kunu, ta kurɓa ta mayar. Ya samo ɗan gero wurin liman ya yi mata farau-farau, shi ma ya dawo. Ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu, bakin nan ma ya yi sanyi, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

Wata safiya tana kwance ta fuskanci bango ta ce, "Malam, dabinon nan naka ya nuna?"

"Ya nuna. Saura kaɗan ma ya ƙare."

"Shi raina ke so. In na samu ko ɗaya ne, ina jin zai zauna."

Ba ta ce ya kawo ba. Ta san gidan da ta aura. Shi kuma ya ɗauki gorarsa ya fita.

A lambu ya ɗaga kai ya duba. Nonon dabino ɗaya ya rage, can ƙololuwar itacen da ke kusa da rijiya, inda sai mai jini a jika ke iya hawa. A gindin itacen kuwa ga guda ɗaya ya faɗo, ya yi laushi, tururuwa ba ta riga ta gano shi ba. Babu kowa a lambun. Ya sunkuya ya ɗauka, ya hure ƙasar, ya sa a aljihun riga. Ya jawo ruwa ya cika randa, ya zagaya ya gyara darni inda bai lalace ba, sannan ya nufi ƙofa. A nan ƙafarsa ta ƙi. Ga tukunyar ƙwallaye, kuma kunnensa bai manta da ƙarar waɗanda Kulu ta jefa ba. Ya tuna da ƙafafun tsohuwar nan suna lilo. In ya fita da wannan, to don me ya sa aka jawo ta cikin rana? Ya daɗe tsaye, haushin Dodo da na ubansa da na kansa duk sun cika masa ciki. Daga ƙarshe ya zaro dabinon ya ajiye kan dakali, ya koma gida hannu rabbana.

Kwanakin da suka biyo bai leƙa lambu ba, don jikin Zuliha ya tsananta, babu mai juya ta sai shi. Ya yi wanki, ya yi shara, ya koyi hura wuta ba tare da ya cika ɗaki da hayaƙi ba. Ran nan da hantsi ya ga ko ruwa sai ya ɗiga mata da ludayi, sai ya zauna bakin gado ya ce, "Zuliha, zan kai ki lambu."

Ta buɗe ido. "Da me?"

"In kira mutum huɗu su ɗauki gadon."

"A'a. Mutum huɗu da gado a ka, sau ɗaya ake yi wa mutum wannan. Ban shirya ba tukuna."

"To ni zan goya ki."

Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Kai? Da gemunka? Ta tsakiyar gari? Malam, ka rufa mana asiri."

"Asirin me ya rage a garin nan?" in ji shi. Ya jawo zanenta mai kauri daga kan igiya.

Abin da bai sani ba shi ne goyo sana'a ce. Ya haifi 'ya'ya, ya ga ana goya su dare da rana, amma bai taɓa lura da yadda ake yi ba, kamar yadda ba ya lura da yadda tuwo ke zuwa gabansa. Ya durƙusa ta kwanto a bayansa, ba ta fi damin kara nauyi ba, ya yafa zanen ya ƙulle a ciki kamar mai ɗaure wando. Kafin su fita zaure ta fara zamewa. Ya tallabe ta da hannu biyu ta baya, ya sunkuya, ya ci gaba a haka, ita kuma ta ja mayafi ta rufe fuska.

Garin ya gan su. Dattawan da ke zaune a inuwar masallaci, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. Da a shekarun ƙoshi ne, da an yi shekara ana ba da labarin nan a dandali, amma yanzu ko dariya mutane ba su da rarar ta. Wata mata ta ce sannu, ya amsa bai ɗaga kai ba. Da suka fita bayan gari suka shiga rairayi, zanen ya kwance gaba ɗaya, Zuliha ta sulale har ƙafarta ta taɓa ƙasa. Ya durƙusa yana haki, ya rasa yadda zai yi ya saki hannu ya gyara.

"Ba haka ake yi ba."

Kulu ce, tana dawowa daga ramin ruwa da rabin tulu. Ta sauke tulun ba tare da ta gaishe shi ba, ta ce, "Sannu, Inna," ta ɗaga Zuliha ta mayar da ita sama sosai, har haɓarta ta kai kafaɗarsa. "Sunkuya, Baba. Ƙara. Buɗe hannu." Ta ja bakin zanen na sama ta ƙarƙashin hammatarsa ta soke a ƙirji, ta tattaro na ƙasa ta tallabe mazaunin ta murɗe a cikinsa, sannan ta kwance nata majanyin daga ƙugu ta ɗaure a kai, ta ja har sai da ya yi nishi. "Miƙe."

Ya miƙe. Nauyin ya zauna daram, hannayensa biyu suka zama nasa.

"Allah Ya saka," in ji shi.

"Na saba," in ji Kulu. Ta ɗauki tulunta ta biyo bayansu.

Ƙofar kwamanda a buɗe take. Alkasum ya wuce kai tsaye zuwa itacen da ke kusa da rijiya, ya ɗaga kai yadda goyon ya bar shi, sai ya ga nonon nan babu. Tsinkunan ne kawai ke reto a sama. Ya zagaya sauran itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ya tona ƙasar gindinsu da yatsan ƙafa, ya duba kan dakali. Babu ko ɓawo.

Wani dattijo cikin baƙin, da ke kwance a inuwar tsamiya, ya tashi zaune don ya ba shi labari mai daɗi. "Mai lambu, ka kwantar da hankalinka. Da ba ka nan, mu muka tsaya. Jiya samari suka hau suka sauko da na ƙarshen, aka raba, kowa ya ci nasa a nan. Wallahi ko ɗaya bai fita ba. Duba tukunyarka."

Alkasum ya duba. Tukunyar ta cika har baki da ƙwallaye, an tsotse su fes. An bi sharaɗi yadda ya koya wa kowa, babu wanda ya ci amanarsa, kuma babu abin da ya rage wa matarsa. Ya ji wata gajiya da bai taɓa ji ba ta taso masa tun daga tafin ƙafa. Ya ja jiki zuwa dakali, Kulu ta kwance goyon, suka jingina Zuliha da tsamiya. Ya zauna gefenta.

Zuliha ta yaye mayafi ta dubi lambun. Rabonta da shi tun tana amarya, ran da aka zo da ita ta ga wurin aikin mijinta. Ta dubi gwaibar da ta bushe, da ƙofar ƙarfe, da randa. "Ashe ɗan wannan ne," ta ce a hankali. "Yadda kake kwana kana tashi da shi, na ɗauka ya kai birni." Sannan ta lumshe ido. "Ba komai, Malam. Na sha iska."

Kulu na tsaye. Ta dubi dattijon da ya koma ya kwanta, ta dubi Alkasum, ta yi tsaki ƙasa-ƙasa kamar mai faɗa da kanta. Sai ta juya wa dattijon baya, ta ɗaga ɗankwali, ta sa yatsu cikin tsohon kitsonta ta zaro dabino guda biyu da aka cusa a gindin gashi.

"Na jiya ne," ta ce, tana kallon Alkasum ido cikin ido. "Ɗaya na riga na ba maigidana, waɗannan na rage masa. Ƙafafunsa sun kumbura, kuma ya rantse gara ya mutu da a ga mace ta goyo shi. Ba yau na fara ba, Baba. Aljihu kake dubawa da kumatu, ba ka taɓa cewa matar wani ta cire ɗankwali ba."

Gorar tsaro na gida. Ko da tana hannunsa, bai san abin da zai yi da ita ba.

Kulu ta mayar da ɗaya cikin kitso a gabansa, ta goge ɗayan da bakin zane, ta durƙusa ta ɓare shi da farce yadda ta yi wa uwar mijinta. "Inna, buɗe baki."

Zuliha ta karɓa. Ba ta da ƙarfin tauna, sai ta bar shi kan harshe yana narkewa. Alkasum ya zuba wa maƙogwaronta ido, yana jiran abin da ya saba gani. Ta haɗiye. Suka jira, bai dawo ba. Kulu ta ƙara mata wani ɓari, ta haɗiye, har ta nemi ruwa, ya tashi da sauri ya ɗebo a randa, ta sha kurɓi uku masu kyau. Da naman ya ƙare ta karɓi ƙwallon ta sa a baki tana tsotsa.

Inuwa ta fara karkata. Alkasum ya durƙusa, Kulu ta sake ɗaura masa goyon, wannan karon ya lura da inda ake sokewa. Suka nufi ƙofa, Kulu a gaba da tulunta da abin da ke cikin kitsonta, ta wuce tukunya ba ta ko waiwaya ba, shi kuma ya bar ta ta wuce. Da ya zo daidai tukunyar, sabo ya sa ya tsaya ya miƙa tafin hannu ta saman kafaɗa.

"Kawo ƙwallon, Zuliha."

Ya ji ta girgiza kai a wuyansa. "Da sauran zaƙi," ta ce, bakinta a cike.

Hannun ya daɗe a sama. Dattijon nan na kallonsu daga inuwa, yana jiran ya ga yadda mai lambu ke yi. Alkasum ya sauke hannun, ya tallabi ƙafar matarsa, ya sunkuyar da kai ya bi ta ƙofar kwamanda ya fita. Duk tsawon rairayin yana jin ƙwallon na ƙwanƙwasar haƙoranta kusa da kunnensa, kuma addu'arsa ɗaya ce, kada ƙarar ta tsaya kafin su kai gida.